Allurar da Ta Tare Kibiya: Tarihin Ɗinkin Cushe da Masu Koyonsa

 

A 'yan shekarun nan, daga Jega zuwa Aliero, daga Maiyama har Gumbin Kure, in dai iyaye na da hali, da wuya a yi wa amarya jere ba a shimfiɗa wa gadonta lallausan bargon nan mai cushe ba, wanda 'yan kasuwa ke kira dubet. Da kasuwarsa ta buɗe sai 'yan mata da matan aure suka duƙufa koyon ɗinkinsa, wasu a cibiyoyin koyon sana'a, wasu a gidan wata gwana, wasu ma ta waya a ajin WhatsApp. Da yawa cikin masu koyo da masu koyarwar sun ɗauka baƙuwar sana'a ce da ta biyo kayan Sin da na Dubai. Sunan dai baƙo ne, keken baƙo ne, audugar robar da ake cusawa ma baƙuwa ce. Amma ita dabarar, wato a shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, a baza abu mai laushi a kai, a rufe da wani ƙyallen, sannan a bi da allura layi-layi a ɗaure su ukun wuri guda, ta haura shekara 600 a ƙasar Hausa. Danginta suna nan cikin harshenmu kowa da sunansa: lifidi, katifa, huhun sirdi, akumarin jaki. Don sauƙin magana za mu kira ta ɗinkin cushe, ko ɗumkin cushe yadda bakinmu na yamma ya saba.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka fassara da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙin Kano. Masana sun sanya mulkinsa tsakanin 1390 da 1410. Littafin ya ma faɗi dalili: an yi wa Kanawa ɓarnar rayuka mai yawa a yaƙin Umbatu, shi ya sa sarkin ya nemi abin da zai kare mayaƙansa. Ita kalmar lifidi masana harshe na danganta ta da kalmar Larabci ta libd, wato matsattsen ulun da ake shimfiɗa wa doki ƙarƙashin sirdi, kuma Barebari na da irinta a bakinsu. Wannan ya yi daidai da hanyar da manyan dawaki da sulke suka bi suka iso mana, daga gabas da arewa ta Barno. Sulke kam sai an sayo shi da tsada daga nesa. Lifidi kuwa ba ya bukatar komai da babu shi a gida: saƙar masaƙanmu, audugar gonarmu ko ta rimi, zaren da matanmu suka kaɗa, da allura. Shi ya sa ya zauna daram ya zama ɗan gida.

Sai mu tsaya mu dubi aikin da ake so wannan ɗinki ya yi, don a nan ne duk ilimin sana'ar ya taru. Babban abin tsoron mai doki a yaƙin ƙasar Hausa shi ne kibiya. Kibiyarmu ba ta da nauyi, ba ta cika ratsa mutum ta fita ba, ƙarfinta yana ga dafin da aka shafa mata, wanda ake haɗawa da 'ya'yan ƙwanƙwani da wasu abubuwa. Ta ƙwarzani fata kawai jini ya fito, ta gama aikinta. Saboda haka ba a nemi lifidi ya mayar da kibiya baya kamar garkuwa ba. An nemi ya karɓe ta, ya shanye gudunta, ya riƙe tsininta cikin auduga kafin ya taɓa fatar doki ko ta mahayi. Barde na iya fitowa daga fagen fama kibau na reto a jikinsa kamar bushiya, shi kuwa lafiya lau.

To ka ga maɗinkin da aka ɗora wa wannan aiki yana tsakanin wuta biyu. In ya matsa layukan ɗinkinsa kusa da juna, audugar za ta danne ta yi tsauri, kaurin ya ragu, kibiya ta sami gajeriyar hanya, ga shi kuma kowane layin ɗinki wuri ne da rufin sama da na ƙasa suka kusa haɗuwa. In kuma ya buɗa layukan da yawa don ya huta, sukuwa da zufa za su sa cushen ya gangara ya taru a ƙasa, kafaɗa da ƙirji su zama ƙyalle biyu babu komai a tsakani. A ido lifidin na nan da kyansa, a fagen yaƙi likkafani ne. Haka ma zaɓen abin cusawa. Audugar gona tana kama juna in an shiɓe ta da kyau, amma tana shan ruwa, in ta jiƙe sai ta yi nauyin da doki ba zai iya ba. Audugar rimi ba ta da nauyi, ruwa ba ya shigarta da sauri, shi ya sa Turawa suka daɗe suna cusa ta cikin rigunan ceton masu nutsewa a teku. Sai dai tana da santsi, ba ta kaɗuwa ta zama zare, tana yawo cikin ƙyalle in ba a tsare ta da ɗinki ba, kuma ba ta ga maciji da wuta. Abokan gaba sun san haka, shi ya sa kibiyar wuta ta zama maganin ɗan lifida. Kowane ɓangare kuma da sunansa da yankansa, akwai bantan lifidi mai rufe ƙugu da cinyoyi, akwai kumakumi na ƙirji, ga na dokin da ke sauka har kusan gwiwa. Fuskar waje sau da yawa haɗin ƙyallaye ce masu launi daban-daban, ja da fari da baƙi da rawaya, irin haɗin da ake koyarwa yau a aji ana ce masa sabon yayi.

Mu mutanen wannan yanki labarin bai yi mana nisa ba. Gimbana, garin Malam Abdussalami almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tana nan ƙasar Jega. Harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai mata, da kwance kamammun da jama'ar Shehu suka yi lokacin da aka biyo da su ta Degel, su suka kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto. Gobirawa sun zo da dawaki masu yawa har da 'yan lifida, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu 'yan kaɗan ne, ƙarfinsu 'yan baka. Duk da haka Gobirawa aka kora. Lifidi na tare kibiya ɗaya da biyu da goma, amma nauyinsa na hana doki juyawa, kuma in mahayi ya faɗo ba ya iya tashi da kansa. Abin lura shi ne waɗanda suka ci nasarar ba su raina shi ba. Da suka kafa daula suka sami dawaki, su ma sai suka yi nasu 'yan lifidan.

Shaidar haka na cikin abin da Baturen nan Clapperton ya rubuta, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdullahi ya kuma rasu a Sakkwato a 1827. A 1826 ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya, inda Gobirawa suka yi sansani, ya ga 'yan lifida da idonsa. Ya ce 'yan ƙalilan ne kowane sarki ya zo da su, ga kwalkwali da gashin tsuntsu a ka, kuma sai an kama wa mutum kafin ya iya hawa dokinsa saboda nauyin kaya. Aka tura su gaba su matsa wa ganuwa, suna tafe a hankali, sai wani mai bindiga daga cikin garin ya harbo na gabansu ya kayar da shi. Auduga ba ta yi wa harsashi komai ba. Wannan harbi ɗaya ya nuna inda zamani ya dosa, amma bindigogi ba su da yawa a lokacin, ɗurinsu kuma na cin lokaci, don haka lifidi ya ci gaba da aiki har ƙarshen ƙarnin, cikin dogon yaƙin da aka yi ta yi tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu tun tawayen Yakubu Nabame a 1849.

Su waye suka yi ɗinkin, kuma ina suka koya? Littattafan tarihinmu sun cika da sunayen sarakunan da suka sa aka yi da jarumawan da suka sanya, mai allura kuwa sai a bi shi ta kasuwa da zaure. Bayan rasuwar Abdussalami a 1818 da faɗuwar Kalambaina, ɗansa Buhari ya sasanta da Gwandu ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara, shi ne tushen sarautar Sarkin Kabin Jega. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, fatake na haɗuwa a cikinta daga Nufe da Ilori da Gwanja da Azbin, kuma tufafi na cikin manyan hajojinta. Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya sauka Gwandu a 1853 ya yaba ingancin saƙar garin, ko da yake ya ce rininsu bai kai na Kano da Nufe sheƙi ba. Ya kuma yaba albasar wurin, abin da mutanen Aliero za su ce ai ba yau aka fara ba. Ƙasar da ke da auduga da masaƙa da marina da dawaki da yaƙi a bakin ƙofa ba za ta rasa masu ɗinkin kayan doki ba.

A wancan zamani an raba aikin tufa tsakanin mata da maza. Mata ke gurzar auduga su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa. Maza ke saƙa sawaye 'yan siri-siri, maza ke rini a karofi, kuma maza ke ɗinki. Allura ta fi zama a hannun almajirai da gardawa, domin sana'a ce da ake yi a zaune, ana iya ajiye ta a ɗauki allo, ana iya tafiya da ita cikin gafaka duk inda karatu ya kai mutum. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya kuma yi shekaru cikin 1970 yana nazarin aikin riga da hula na Hausawa, ya tarar da wannan alaƙa ta allo da allura tana nan da ranta.

Koyon kuwa ba shi da ranar farawa balle ranar yaye. Yaro zai zauna gefen maigidansa yana zura masa zare, yana murza shi, yana riƙe bakin ƙyalle. In an ga hankalinsa ya zauna sai a ba shi haɗa sawaye, aikin da ba shi da daɗi ko kaɗan, layi ne miƙaƙƙe mai tsawo, in ka gama wannan ga wani. Amma a nan hannu ke koyon tazarar allura har ta zama ɗaya ko ido na kallon wani wuri. Daga nan kalmasa, daga nan maho da banki. Almakashi shi ne na ƙarshe, don ɗinkin da ya karkace ana warware shi, yankan da ya karkace kuwa ya tafi ke nan. Maigida bai cika bayani ba, in ka ɓata sai ya warware ya miƙo maka, kai za ka gano inda ka kauce. Ba za mu yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Yana cin shekaru, ana bautar da yara a cikinsa, gwanaye da yawa sun ɓoye sirrinsu har suka shiga kabari da shi, kuma 'ya mace ba ta da wuri a zauren. Amma yana da abu guda da ya fi kowane tsari: mai koyo na ganin kayan sun dawo. Huhun da aka ɗinka bara zai dawo bana ya ci bayan doki, a farke shi a gabansa, ya ga inda cushen ya dunƙule da inda zare ya tsinke. Tsohon aiki shi ne littafin karatunsa.

A 1903 aka rufe wannan babi. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, aka ƙare a Burmi a watan Yuli. Bindiga mai ruwan harsashi ba ta san lifidi ba, ba ta san sulke ba. Daga nan ɗan lifida ya koma ɗan ado, yana tafe kusa da sarki a hawan salla da hawan daba, irin wanda aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 da na bikin FESTAC a 1977, har zuwa Disambar 2024 da hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Siffar ta tsira, dalilin ya tafi. Lifidin da ba a sa ran kibiya za ta same shi, ba wanda zai tuhumi maɗinkinsa in ya rage cushe ko ya buɗa layi. Ita ma katifar auduga da ta rimi ta ja baya tun da katifar soso ta shigo, kamfanin Vitafoam ma tun 1962 yake. Yadin masaƙun Kaduna da aka fara buɗewa a 1957 ya rage wa masaƙan gargajiya kasuwa, daga baya gwanjo da yadin Sin suka kashe su Kadunan su ma.

Shi kuwa aji, wato a tara masu koyo a ɗaki guda, a sa musu lokaci da manhaja, da Turawa ya zo wa sana'ar hannu. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda aka ɗauko gwanayen gari suna koyar da yara. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na En'e a Kano da Katsina, a 1939 aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato, kuma ɗinki na cikin manyan darussansu. A nan allura ta fara sauya hannu a hukumance, daga zauren maza zuwa ɗakin mata. Bayan 'yancin kai aka ci gaba, musamman daga 1987, lokacin da hukumar samar da aikin yi ta ƙasa ta fara tura matasa koyon sana'a, shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara kuma ya baza cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi. Tun daga nan muka saba da hoton nan da kowa ya sani: an yaye ɗalibai, an jera kekuna, an ɗauki hoto da babban baƙo. Abin da ba a ɗaukar hotonsa shi ne keken da aka sayar bayan wata biyu don mai shi ta iya taka shi amma ba ta iya fitar da kayan da wani zai saya ba.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya daga fagen yaƙi zuwa gado ba. Sojan Turai na zamanin takobi na sa rigar cushe ƙarƙashin sulkensa, talakan cikinsu ma ita kaɗai ce sulken nasa. Sifaniyawan da suka ci Meziko sun tarar da mutanen ƙasar na sanye da rigunan yaƙi na auduga, suka ga sun fi ƙarfe dacewa da zafi da kibau, suka kwaikwaya. A Sudan mabiya Mahadi sun yi suna da jibba mai maho-maho, dawakinsu kuma na sanye da irin lifidinmu har yaƙin Omdurman na 1898. A Bangal mata na jera tsofaffin zannuwa su ɗinke su zama abin rufa. A wani ƙauyen baƙar fata na jihar Alabama ta Amurka mai suna Gee's Bend, jikokin bayi sun yi ta haɗa barguna da tsummokaran kayan gona don maganin sanyi, uwa na koya wa 'ya, har a 2002 aka rataye aikinsu a manyan gidajen nune-nunen zane na Amurka. Ajin koyon wannan ɗinki na biyan kuɗi ma a can ya bunƙasa, cikin shekarun 1970, kuma sau da yawa masu shagon yadi ne ke buɗe shi don su sayar da yadinsu. Yana da kyau mai shiga aji a ko'ina ta san da wannan.

Aji ya yi mana rana, ba ma musu. Ya gajarta shekaru zuwa watanni, ya buɗe wa mata ƙofa, ya sa gwani ya yi bayani da baki maimakon harara. Abin da ya zubar a hanya shi ne dalili. Ana nuna wa ɗaliba yadda za ta yi, ba a cika gaya mata abin da zai faru in ba ta yi hakan ba, kuma kafin bargon da ta ɗinka ya sha wanki uku an riga an yaye ta. Wadda ke son kuɗinta da lokacinta su yi albarka sai ta shiga ajin da tambayoyin maɗinkin lifidi a bakinta. Me aka cusa a ciki, kuma yaya yake yi in ya sha ruwa? Yatsa nawa ya kamata a bari tsakanin layi da layi ga irin wannan cushen? Audugar roba mai zuwa a shimfiɗe kamar tabarma tana jure tazara mai faɗi, saƙaƙƙiyar audugar gona kuwa in ba a matsa mata layi ba wanki ɗaya zai mayar da ita curi-curi. Ta roƙi malamar ta nuna mata aikin da ya shekara biyu ana amfani da shi, ta juya bayansa, don fuska na ɓoye aibi, baya ba ya ɓoyewa.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma su ke raba gwana da 'yar koyo. A jiƙa yadi a shanya kafin a yanka, saboda wani na tsukewa wani na zuba, jar atamfa ɗaya mai zuba ta isa ta ɓata farin bargo gaba ɗaya, shadda kuma sai an raba ta da sitatinta ake sanin ainihin jikinta. Bakin da ake bari a kowane haɗi ya zama ɗaya, domin in ƙyalle 20 ne a jere kuma kowanne ya kauce da ɗan kaɗan, kafin a kai ƙarshe kusurwa ta ƙi haɗuwa. A bi kowane haɗi da dutsen guga kafin a ɗora na gaba. A kama rufin nan uku da manyan ɗinkin wucin gadi, a fara daga tsakiya a yi waje, in ba haka ba haƙoran keke za su riƙa jan na ƙasa su bar na sama, a ƙare da tattara. Kada kuma a raina ƙaramin aiki. Wadda ta dage sai ta fara da bargon gado mai ƙafa shida ta tsallake haɗa sawayenta ne, gara ta yi rigar matashi goma hannunta ya faɗa. Ta nemi keke mai matsala a ajin ta zauna kansa wani lokaci, don a gida ba mai gyara mata zare in ya harɗe. Ta kuma riƙe littafin lissafi tun ranar farko, yadi nawa, cushe nawa, zare nawa, kwana nawa, saboda da yawa sun iya ɗinki amma farashi ya kayar da su. Ƙyallayen da teloli ke sharewa a zubar ana gobe salla jari ne ga wadda ta iya haɗa launi.

Mu kuma marubuta namu ajin na nan a buɗe, ba ko sisi. Mun sha karanta labaran yaƙi da na sarauta inda jarumi ke sanya lifidi ya yi tsalle ya haye doki ya yi ta sukuwa yini guda, ko a kira sulke lifidi a kira lifidi sulke, alhali ɗaya zoben ƙarfe ne ɗaya auduga. Mun karanta labaran soyayya da jarumar tela ce, amma daga farko har ƙarshe ba ta taɓa karya allura ba, ba a taɓa dawo mata da ɗinki ba. Mai karatun da ya san sana'ar daga nan yake ajiye littafin. Masu katifar auduga ba su ƙare a kasuwanninmu ba, haka masu huhu da akumari da dukawa masu kayan doki, kuma akwai tsofaffin da har yanzu bakan shiɓa na rataye a ɗakinsu. A je da goro da ladabi a zauna, a ce Baba mene ne sunan wannan, Inna me ya sa kike yin haka ba haka ba, a rubuta kalmar yadda ta fito daga bakinsu ko da ta saɓa wa Hausar Kano. In akwai ajin ɗinki kusa, a nemi izini a zauna a baya rana ɗaya ko biyu a saurari yadda malama ke faɗa da yadda ɗalibai ke ba'a da juna.

Wanda kuma ke son ganin lifidi da kansa a Kano ko Katsina ko Zariya, ya isa kwana biyu kafin hawa, lokacin da ake fito da kayan doki ana kakkaɓewa ana gyara. Ranar hawa ƙura da cinkoson jama'a ba za su bar shi ya ga layin ɗinki ba. In an yarje masa ya taɓa, ya juya cikin, ya auna tazarar layukan da yatsunsa, ya tambayi me aka cusa, ya kuma tambayi sunan wanda ya ɗinka da wanda ya koya masa.